Yadda muke bin sawun EBV bayan dashen sassan jiki, daga gwajin farko zuwa maganin PTLD

Aikin yana farawa ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata. A cikin takardun wanda za a dasa wa ƙoda, hanta, zuciya, huhu ko hanji, akwai layin da muke fara dubawa: ya taɓa kamuwa da bairos ɗin Epstein-Barr, wato EBV, ko bai taɓa ba? Mai ba shi sashen fa? Gwajin antibodi ne guda biyu, VCA IgG da EBNA IgG, wato furotin ɗin kariya da jiki ke ƙerawa idan ya taɓa haɗuwa da bairos ɗin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da wannan bairos, galibi ta yawu suka same shi tun suna ƙanana, kuma jikinsu ya riga ya tanadi ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jini masu gadin jiki, da suka san shi. Wanda ke hana mu barci shi ne wanda gwajinsa ya nuna bai taɓa kamuwa ba, alhali mai ba shi yana ɗauke da shi. Wannan zai haɗu da bairos ɗin a karon farko ta cikin ƙwayoyin jinin da suka biyo sashen da aka dasa masa, a daidai lokacin da mu da kanmu muka danne masa garkuwar jiki. Shi ya sa yara, da yake da yawansu ba su taɓa kamuwa ba, suka fi manya faɗawa cikin cutar da fararen ƙwayoyin jini na limfosait ke hayayyafa ba kan gado bayan dashe, wadda ake taƙaitawa da PTLD.

Gwajin kansa yana iya yaudara. Jaririn da bai kai wata 18 ba yana iya nuna antibodi, amma na mahaifiyarsa ne da ya samu tun yana ciki, don haka muna lissafa shi cikin waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini ko aka ba shi imunoglobulin ta jijiya kwanan nan, antibodin aro ne a jikinsa. In da hali, jinin da aka ɗiba kafin ƙarin shi ake gwadawa.

Nau'in sashen da aka dasa ma yana da nasa nauyi. Dashen ƙoda shi ne mafi sauƙi, kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ke samun PTLD. Hanta da zuciya suna tsakiya, huhu ya fi su, dashen hanji kuwa yana iya kaiwa 20 cikin 100, saboda hanji cike yake da ƙwayoyin limfosait na mai bayarwa, ga kuma yawan maganin danne garkuwa da yake buƙata.

Duk abin da za mu yi daga nan ya dogara ne kan sanin saƙonnin da ke kai-kawo tsakanin ƙwayar B, mai ƙera antibodi, da ƙwayar T, dukansu nau'o'in limfosait ne. Bairos ɗin yana maƙala furotin ɗinsa gp350 a kan CD21 da ke fatar ƙwayar B, gp42 kuma ya kama HLA aji na biyu, furotin ɗin da ƙwaya ke nuna wa ƙwayoyin T abin da take ɗauke da shi, sai ya shige. Da ya shiga ba ya fasa ƙwayar. DNA ɗinsa yana haɗa baki biyu ya zama da'ira, ya zauna a cibiyar ƙwayar, duk lokacin da ta rabu biyu ya bi ta. A ƙa'ida ƙwayar B ba ta hayayyafa sai da izini biyu: na farko daga makarɓinta na BCR idan ya kama baƙon abin da aka halicce shi dominsa, na biyu daga ƙwayar T mai taimako, wadda ke taɓa CD40. Wadda ta rasa ɗaya daga cikin biyun mutuwa take yi. EBV ya ƙera wa kansa jabun duka biyun.

LMP1 shi ne jabun CD40. Yana ratsa fatar ƙwayar sau shida, yana taruwa da 'yan uwansa ba tare da kowa ya taɓa shi daga waje ba, tamkar ƙararrawar ƙofa da maɓallinta ya maƙale, tana ta kaɗawa babu baƙo. Wutsiyarsa ta cikin ƙwaya tana da gurbi biyu, CTAR1 da CTAR2, waɗanda ke jawo furotin ɗin TRAF da TRADD, su kuma su kunna masu isar da saƙo a cikin ƙwaya, wato NF-κB ta hanyoyinsa biyu, tare da JNK da PI3K. Abin da ke biyo baya shi ne ƙaruwar Bcl-2 da A20 masu hana ƙwaya mutuwa, da zubar IL-6 da IL-10, sinadaran da ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo da su. IL-10 ɗin nan aiki biyu yake yi: yana dawowa kan ƙwayar da ta zubar da shi ya kunna STAT3 ta ƙara girma, sannan yana kashe wa ƙwayoyin T da ke kusa jiki. LMP1 yana ƙara PD-L1 ma a fatar ƙwayar, wanda ke umartar ƙwayar T ta janye. Shi kuwa LMP2A jabun BCR ne, yana ɗauke da gurbin ITAM da ke kama Syk, yana jan Lyn, ya tura saƙon rayuwa ta PI3K da Akt har zuwa mTOR. Da taimakonsa ƙwayar B da makarɓinta ya lalace, wadda ya kamata ta mutu, sai ta rayu. A sama da su akwai EBNA2, wanda ke kwaikwayon Notch ta hanyar kama RBP-Jκ, ya kunna LMP1 kansa da MYC.

A jikin mai lafiya wannan shirin ba ya daɗewa. Ƙwayar da ta fito da duk waɗannan furotin, musamman EBNA3A, 3B da 3C, ta tona asirin kanta, ƙwayoyin T masu CD8 su gane ta su kashe. Dole bairos ɗin ya lafa a cikin ƙwayoyin B masu tuni, kusan 1 zuwa 50 cikin kowane miliyan, ya yi shiru har ƙarshen rayuwar mutum. Mu ne muke ɗauke masu gadin, wato ƙwayoyin T, da magungunan danne garkuwa. Takrolimus yana kama FKBP12, siklosforin yana kama siklofilin, dukansu su toshe kalsinurin, NFAT ya kasa shiga cibiyar ƙwayar T, babu IL-2, babu hayayyafa. Mikofenolet yana hana limfosait ƙera kayan haɗa DNA. ATG kuwa, wato antibodin da ake ba majinyaci don ya farauci ƙwayoyin T, ba ya tsayawa toshe saƙo, ƙwayoyin T ɗin yake sharewa, kuma suna ɗaukar watanni kafin su dawo. Belatasef yana rufe CD80 da CD86 don kada CD28 ya samu saƙo na biyu, wanda sabuwar ƙwayar T da ba ta taɓa ganin EBV ba take matuƙar buƙata kafin ta tashi. Wannan ne dalilin da hukumar kula da magunguna ta Amurka, da ta amince da shi a 2011, ta haramta ba wa wanda bai taɓa kamuwa da EBV ba, bayan an ga PTLD, har da ta ƙwaƙwalwa, a gwaje-gwajensa. To idan takardar farko ta nuna mai karɓa ba shi da antibodi, belatasef ya fita daga lissafi, ATG ma sai in ya zama dole.

An sa rai da sirolimus da eberolimus, tunda suna toshe mTOR da LMP2A ke bi, kuma a ɗakin gwaji suna hana ƙwayoyin B masu EBV girma. Alƙaluman majinyata ba su cika wannan fata ba, don haka ba ma sauya wa mutum magani saboda wannan dalilin kaɗai.

Bayan tiyata sai auna yawan DNA ɗin bairos a jini da PCR, gwajin da ke ninka DNA har a iya ƙirga shi. Ga mai ƙoda da ke cikin rukunin hatsari, jagorar 2009 ta KDIGO, ƙungiyar masana cutar ƙoda ta duniya, ta ce sau ɗaya a makon farko, sannan aƙalla kowane wata har wata 3 zuwa 6, sannan kowane wata 3 har shekara ta cika, da kuma duk lokacin da aka yi maganin ƙin dashe mai ƙarfi, wato idan garkuwar jiki ta far wa sashen da aka dasa. Ga yara masu huhu ko hanji ana matse tazarar fiye da haka. Ana ɗibar jinin a kwalba mai EDTA, mai murfi shunayya. Mai hefarin ba ta yi, hefarin yana daƙile PCR, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Mukan haɗa shi da jinin auna takrolimus, wanda ake ɗiba da safe kafin a sha ƙwayar, awa 12 bayan ta daren jiya.

A nan ne aka fi yin kuskure, don mutane suna son lamba ɗaya da za ta raba gardama, ita kuwa babu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin bai ɗaya na DNA ɗin EBV a 2011, ana rubuta sakamako da IU a kowace mililita, amma har yanzu ɗakunan gwaji biyu suna iya saɓawa sosai a kan jini ɗaya. Sannan jini gaba ɗaya daban, ruwan jini daban. Na farko yana ƙirga bairos ɗin da ke kwance cikin ƙwayoyin B, yana saurin nunawa amma yana yawan tayar da hankali a banza. Ruwan jini yana nuna DNA ɗin da ya zuba daga ƙwayoyin da ke mutuwa ko ke fitar da bairos, ya fi kusa da nuna cuta. Ƙa'idarmu: ɗakin gwaji ɗaya, nau'in samfuri ɗaya, kuma alkiblar da lambar ke bi muke kallo. Wadda ta ninka sau goma tsakanin gwaji biyu ta fi ba ni tsoro fiye da babbar lamba da ta tsaya cak wata shida. Akwai yara, musamman masu hanta da zuciya, da ke ɗauke da lamba mai yawa tsawon shekaru ba tare da wata cuta ba. Akwai kuma PTLD da jini bai nuna komai ba, domin waɗanda ke zuwa bayan shekara biyar ko fiye, kaso mai yawa daga cikinsu babu EBV a cikinsu sam, sun fi kama da limfomar gama-gari, wato sankarar ƙwayoyin limfosait, mai yawan lalacewar ƙwayoyin gado irin su TP53.

Idan lambar tana hawa, mutum kuma lafiya lau, abin da muke yi shi ne sassauta maganin danne garkuwa kaɗan, mu maimaita gwaji bayan mako ɗaya ko biyu, mu laluba wuya, hammata, matsematsi da ciki. Ana yawan tambaya me ya hana a ba da gansiklobir, maganin bairos. Maganin ba ya aiki sai wani furotin na bairos, BGLF4, ya fara kunna shi, shi kuwa ba ya fitowa sai lokacin da bairos ke ƙera sababbin 'ya'ya. Ƙwayar B da ke hayayyafa da LMP1 ba ta cikin wannan yanayi, injin ƙwayar kansa ne ke kwafa wa bairos DNA ɗinsa, don haka maganin wucewa yake yi ta gefenta.

Alamomin da ke sa mu tashi tsaye ba su da wani abin musamman: zazzaɓin da ba a gano dalilinsa ba, gumin dare, rama, kaluluwar da ba ta sauka, kumburin tonsil har yaro ya fara minshari, ciwon ciki, baƙin bayan gida, ƙarancin jini, hawan LDH, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan ƙwayoyi suna lalacewa. Ciwon kai ko canjin hali yana nufin MRI na ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Fiye da rabin PTLD a wajen kaluluwa take fitowa, sau da yawa a hanji, kuma a shekarar farko tana son sashen da aka dasa ɗin kansa. Wannan na ƙarshen shi ne tarko mafi muni. Kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, ya hau, hoto ya nuna ƙoda ta kumbura, kowa ya ce ƙin dashe ne, a danna sitiroid mai yawa ko ATG, ashe ana ƙara wa wuta mai. Kafin maganin ƙin dashe ga mai hawan EBV, sai an ga tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Hoton PET-CT yana nuna inda cutar ta kai da inda ya fi dacewa a yanka. Muna neman a ciro kaluluwa sukutum, ko aƙalla tsoka mai kauri da babbar allura. Zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura bai isa ba, domin tambayar farko ita ce ko tsarin kaluluwar ya rushe, kuma ƙwayoyin da aka watsa a kan gilashi ba za su amsa ta ba. Ana raba samfurin tun yana ɗanye: wani ɓangare cikin fomalin kashi 10, wani cikin ruwan gishiri na asibiti don na'urar tantance ƙwayoyi da gwajin gano ko duk daga ƙwaya ɗaya suka fito. Wanda ya zuba duka cikin fomalin ya kashe rabin gwajin. Rinin da muke jira shi ne EBER, ƙananan RNA da bairos ke zubawa da yawa a kowace ƙwayar da yake ciki. Idan yana nan, cibiyoyin ƙwayoyin su yi duhu, shuɗi mai baƙi-baƙi, birjik a faɗin gilashin. Ya fi rinin LMP1 aminci, don ba kowace ƙwaya ke nuna LMP1 ba. Amma RNA ba ya jure wahala: tsokar da ta daɗe kafin a sa ta cikin fomalin, ko ɓargon da aka tausasa da asid, suna iya fitowa fari fat. Shi ya sa ake haɗa gwajin da ke tabbatar da cewa RNA ɗin tsokar na nan da rai kafin a yarda da sakamakon babu. Sai CD20, CD3, CD30 da Ki-67. CD20 shi ke faɗa mana ko rituksimab, maganin da ke share ƙwayoyin B, zai samu abin kamawa.

Rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya kasa PTLD gida huɗu: wadda ba ta rusa tsarin tsoka ba, mai gauraye nau'in ƙwayoyi, mai nau'i ɗaya wadda limfoma ce sosai kuma yawanci ta manyan ƙwayoyin B, sai mai kama da Hodgkin. Bugun 2022 ya sauya sunaye, amma a bakin gado har yanzu da waɗannan huɗun muke magana.

Matakin farko na magani shi ne wanda Thomas Starzl da abokan aikinsa suka nuna a 1984, cewa wasu daga cikin waɗannan ƙullutai suna narkewa da kansu idan aka rage maganin danne garkuwa. Muna tsayar da mikofenolet ko azatiyofirin gaba ɗaya, mu rage takrolimus ko siklosforin da kashi 25 zuwa 50, mu bar firednisolon kaɗan. Ana sara ana duban bakin gatari. Mai ƙoda yana da wankin ƙoda a bayansa idan dashen ya tafi, hanta tana da haƙuri, amma mai zuciya ko huhu ba shi da wurin komawa, don haka ragin nasa ƙarami ne kuma ana bin sa da gwajin aikin sashen kowane mako. Muna sake dubawa bayan mako 2 zuwa 4. Ragi ya fi aiki a cutar da ta zo da wuri, mai EBV, wadda ba ta yi girma ba, don har yanzu rayuwarta a hannun furotin ɗin bairos take, su kuma ƙwayoyin T suna iya ganinsu. Idan cutar tana gudu, ko LDH ya yi sama, ko limfomar Burkitt ce mai saurin girma, ba ma jiran makonnin nan.

Kafin ɗigon farko na rituksimab, dole a gwada ciwon hanta nau'in B, HBsAg da anti-HBc duka biyu. Wanda ya taɓa kamuwa ko da ya warke, share masa ƙwayoyin B yana iya tayar da bairos ɗin har hanta ta gaza, don haka sai a fara masa entekabir. Ana ba da rituksimab miligiram 375 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sau ɗaya a mako, mako huɗu. Farasitamol da maganin ƙaiƙayi suna riga shi da kamar rabin awa, a fara ɗigo a miligiram 50 a awa, a riƙa ƙara 50 kowane minti 30 har iyakar 400. Sanyi da karkarwa sun fi zuwa a karon farko. A tsayar, su lafa, a koma da rabin gudu. Mai ƙullutu babba yana buƙatar ruwa da alofurinol saboda abin da ƙwayoyin da suka mutu za su zubar, ƙodar da takrolimus ya riga ya gajiyar ba ta da ƙarfin ɗauka. Idan cutar tana bangon hanji, likitan tiyata ya san da zancen tun farko, don ƙullutun da ya narke da sauri yana iya barin rami.

Tsarin da muke bi ya fito ne daga binciken PTLD-1 da Ralf Trappe ya jagoranta a Jamus tare da wasu ƙasashe. Bayan zagaye huɗu, a wajen kwana na 50, ana sake hoto. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu cutar ta ɓace musu, waɗannan ana ƙara musu rituksimab huɗu, kowane kwana 21, shi ke nan ba kemo. Sauran su koma R-CHOP, wato rituksimab haɗe da magungunan kemo na CHOP, zagaye huɗu kowane kwana 21, tare da allurar G-CSF mai farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini da kotirimoksazol don kare huhu daga Pneumocystis. Hikimar jinkirta kemo ita ce a da, lokacin da ake farawa da CHOP kai tsaye, wasu rahotanni sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata maganin ne ya kashe su, galibi ta kamuwa da wasu cututtuka.

Wani abin lura: da zarar an ba da rituksimab, lambar EBV a jini gaba ɗaya tana faɗuwa ƙasa warwas, domin an share ƙwayoyin B da ke yawo. Wannan ba shaidar cewa ƙullutun ya mutu ba ne. Daga nan hoto da hannun likita su ne alƙalai. Idan cutar ta dawo, a sake yanko tsoka, don wani lokaci tana dawowa ba CD20 a jikinta.

Wanda duk wannan bai yi masa ba, hanyar da ta fi dacewa da asalin matsalar ita ce a mayar masa da masu gadin. Cliona Rooney da abokanta sun fara ba wa masu dashen ɓargo ƙwayoyin T da aka horar a kan EBV a 1995. Ga masu dashen sassan jiki, ƙullutun yawanci daga ƙwayoyin B na mai karɓa ya fito, ba na mai bayarwa ba kamar a dashen ɓargo, don haka ana zaɓo ƙwayoyin T daga rumbun wasu masu lafiya bisa dacewar HLA. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan magani, Ebvallo, a Disambar 2022: ƙwayoyi miliyan 2 a kowane kilo na nauyin jiki, a rana ta 1, 8 da 15 cikin zagayen kwana 35. Kusan rabin waɗanda aka ba su a binciken ALLELE sun amsa. Sharaɗinsa biyu: EBER ya fito a tsokar, kuma ƙwayoyin T ɗin su gane bairos ta wani HLA da ƙullutun ke ɗauke da shi. Idan zagaye ya wuce ba amsa, ana sauya wani rukunin ƙwayoyi mai bi ta wani HLA dabam. Sitiroid mai yawa a lokacin yana kashe ƙwayoyin T ɗin. Magungunan toshe PD-1, makarɓin PD-L1 a jikin ƙwayar T, kuwa, duk da PD-L1 da LMP1 ke ƙarawa yana sa mutum kwaɗayinsu, suna sakin ƙwayoyin T a kan sashen da aka dasa, kuma an ga ƙoda da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Bayan cutar ta lafa, ba ma mayar da magani inda yake a da. Takrolimus yana zama a ƙasan mizaninsa, mikofenolet ba ya dawowa sai in antibodin da ke farautar sashen da aka dasa ya fara bayyana, wanda muke aunawa lokaci-lokaci. Muna duba yawan antibodin IgG a jini, don rituksimab yana iya barin sa ƙasa har mutum ya riƙa kamuwa da ciwon huhu a kai a kai, muna kuma duba fararen ƙwayoyin jini, waɗanda kan faɗi watanni bayan allurar ƙarshe. Wanda ya rasa ƙodarsa a wannan gwagwarmaya ana iya sake dasa masa, yawanci bayan aƙalla shekara ɗaya cutar ba ta dawo ba, kuma kafin nan ana sake gwada EBNA IgG a ga ko jikinsa ya koyi bairos ɗin a wannan karon.